Keke a Gaba, Baba a Baya

Wudil,
Oktoba, 1975.

Zuwa ga Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Ya sanyin Jos, ya aikin asibiti? Ina fata kowa lafiya. Inna Hansai na gaishe ki, ta ce in tambaya ko hanyar Wudil ce ta ɓace miki, don rabon da a ga ƙeyarki tun bikin Barakatu. Mu nan an gama da gero, ana cirar gyaɗa.

Abin da ya sa na rubuto ba mai daɗi ba ne. Baba, kawunki Gwadabe, ya faɗi a kasuwar Kara, ran wata Juma'a a watan jiya. Yana tsakiyar dillancin wani bijimi, hannunsa cikin na mai saye, sai abokinsa Malam Labaran ya ga bakinsa ya karkace, kafin a ce me ye wannan ya zube ƙasa. Muka kai shi asibiti a birni. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin hagu ya shanye. Da za a sallame mu ya ce a riƙa motsa masa hannu da ƙafa, a kuma riƙa tayar da shi tsaye. Da Turanci ya faɗa, yana tafiya yana faɗa, ni kaɗai na ji.

Yanzu yana gida a kwance. Masu dubiya ba sa yankewa, ana shan rubutu, wanzami ma ya zo ya yi ƙaho. Bakinsa ya ɗan dawo, magana tana fita, amma ba ya yin ta. Azarar ɗaki yake kallo tun safe har yamma. Mutumin da ake jin muryarsa daga wannan bakin Kara zuwa wancan! Wallahi Yaya, ba na son shiga gidan.

Ni kuma sakamakon jarrabawata ya fito, ba yabo ba fallasa. Na kai takardun neman aiki wurare, shiru. Kin tuna Bilya, abokina mai gajeren wuya? Yana Ikko, a tashar jiragen ruwa. Ya aiko cewa jiragen siminti sun yi layi a teku har ido ba ya ganin ƙarshensu, ana neman masu ilimin sakandare ido rufe. Zai zo Babbar Sallah, ya ce in shirya mu koma tare.

Ke ce mai aikin jinya a danginmu, don haka ki faɗa min gaskiya, kada ki lallashe ni. Baba zai sake tafiya da ƙafarsa? In ba zai yi ba, gara in tafi in nemo abin da za a ci a gida.

Naki,
Sharhabilu Gwadabe.


Jos,
Nuwamba, 1975.

Zuwa ga ƙanena Sharhabilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ƙaramar tana fama da haƙori. Ka gaishe da Inna Hansai, ka ce hanya na nan, hutu ne babu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A tsaye na fara karanta wasiƙarka, sai da na nemi wurin zama. Shi da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙanwa ne kawai, amma ni ban san wani kawu da ya wuce shi ba. A wuyansa na fara ganin shanun Kara, ina kuka yana dariya.

Ka ce in faɗi gaskiya. Tashinsa na hannun Allah. Amma na yi jinyar irinsa da yawa, na ga waɗanda suka miƙe, na ga waɗanda suka ƙare a tabarma, kuma yawanci ba magani ne ya raba su ba. Ƙafar da aka bari a kwance sandarewa take yi. Watannin nan na farko su ne komai. In kuka bar shi haka har damina ta faɗi, to ku haƙura da maganar tafiya.

Rubutu a ci gaba da sha, ban hana ba. Ga abin da za a ƙara. Kullum bayan sallar asuba, kafin masu dubiya su cika gida, a gasa masa ɓarin da ruwan ɗumi. A lanƙwasa kowace gaɓa a miƙar da ita a hankali, daga yatsu har kafaɗa, daga yatsun ƙafa har cinya. A zaunar da shi a bakin gado. In zama ya samu, a tayar da shi tsaye, ko da na ɗan lokaci ne. A rage masa gishiri, kada ya tsallake ƙwayarsa. Babban abin shi ne lokaci ɗaya, kowace rana. Ran da ya so da ran da bai so ba, ran da ka so da ran da ba ka so ba. Yi yau a bari gobe bai fi kada a yi ba da komai.

To wa zai yi? Inna Hansai ba za ta iya ɗaga shi ba. Barakatu na Indabo, Mairo na Achika, kowacce da gidanta. Saura kai, da kake zaune ba aikin fari ba na baƙi. Na san ka sarai. Ka yi asuba ka koma gado sai rana ta dake ka, ka tashi ka tafi tasha kana kallon motoci har la'asar.

Na san kai ne ɗan fari. Na san Kawu bai taɓa kiran sunanka ba, ko inuwa ɗaya ba kwa zama. Ku ajiye wannan kunyar a gefe tukuna, in ya warke ku ɗauki abarku.

Yayarka,
Huseina.


Wudil,
Nuwamba, 1975.

Yaya Huseina,

Bayan gaisuwa. Allah ya ba ƙaramar lafiya. Mu nan jiya i yau.

Na ga wasiƙarki, na kuma gode da kika tuna min cewa ba ni da aikin fari ba na baƙi. Da ma akwai masu tuna min a tasha, ban san har Jos labarin ya kai ba. Ban zaɓi zama ba, Yaya. Ba kowa ne aka kira aiki tun kafin ya cire kayan makaranta ba.

Duk da haka na gwada. Na shiga da ruwan ɗumi bayan asuba, na durƙusa, na kai hannu zan kama ƙafarsa. Da ƙafar mai lafiyar ya ture kwanon. Ya juya fuska bango, ya ce da Inna, "Ki ce wa yaron nan ya fita." Washegari na koma, haka. Rana ta uku tun ina bakin ƙofa ya ce a saki labule.

Ke kina ganin kunya riga ce da za a cire a rataye. Mutumin nan ko kwano bai taɓa miƙo min hannu da hannu ba, sai dai ya ajiye in ɗauka. Yanzu ki ce in rungume shi in ɗaga, yana jin numfashina ina jin nasa? Na ga idonsa ran nan. Ya gwammace ya mutu a kwance.

Na aika wa Bilya cewa na amince. Bayan Sallah zan tafi.

Sharhabilu.


Jos,
Disamba, 1975.

Sharhabilu ƙanena,

Gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Haƙorin ya fito, mun samu barci.

Kai, wannan wasiƙa taka ko sallamar kirki babu! Na karanta wa maigidana, ya ce ni na jawo, bakina ya fi allurata zafi. To na ji. Amma ba gori na yi maka ba. Nufina, duk gidan nan kai kaɗai Allah ya ba abin da Kawu yake bukata, wato safiya wadda babu mai ita. Ni da nake da aiki, ko kwana biyu na roƙa in zo an hana ni. Ka yi haƙuri da yadda na faɗa, amma ban janye abin da na faɗa ba.

Inda na yi kuskure shi ne maganar kunya. Na daɗe cikin asibiti, inda ake tuɓe babban mutum a gaban kowa, har na manta yadda gida yake. Kada ka sake kai masa hannu. Inna Hansai ba ita ta haife ka ba, riƙon ka ta yi, babu wannan nauyin tsakaninku. Ita ta yi gashin da lanƙwasa gaɓoɓin, kai ka tsaya bayan labule kana faɗa mata abin da ke biye. Maganar tayar da shi tsaye kuwa, ban san dabara ba. Ban sani ba wallahi, kai ne a wurin.

Abu ɗaya nake roƙon ka. Daga yau har ranar da za ka hau mota, kullum in an sallame asuba ka tsaya a bakin ƙofar nan. Ya kore ka, ka dawo gobe. Kada ka koma gado bayan nan, ka nemi abin yi a tsakar gida inda zai riƙa jin motsinka. Mai ciwo irin wannan ranakunsa a cakuɗe suke, bai san Talata ba bai san Laraba ba. In akwai abu ɗaya da yake zuwa a kan lokacinsa, da shi yake kama sauran.

Kai ma haka, in ba za ka ji haushi ba. Na shiga makarantar jinya ba na iya tashi sai an yaye min bargo. Ba wayo ne ya fitar da ni ba, akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Tashi ne a kan lokaci, yau da gobe da jibi, har jiki ya daina gardama.

Ikko ba za ta gudu ba. Ƙafar Kawu ce ke gudu.

Yayarka mai baki,
Huseina.


Jos,
Janairu, 1976.

Sharhabilu,

Sallama da gaisuwa. An yi Sallah lafiya? Mu mun yi, ni a bakin aiki na yi tawa.

Wata guda da ɗoriya ke nan ba amsa. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya. Na gane abin da shirun yake nufi. Ina jin wannan takarda Inna za ta karɓa, ta ba wani ɗan makaranta ya karanta mata, ko a bi ka da ita Ikko.

In a Ikko ta same ka, Allah ya ba da sa'a, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ko layi biyu ai ka rubuto ka ce ka tafi, in san abin da zan yi. Na fara neman a ba ni hutu ba albashi in je in zauna da Kawu, maigidana bai so ba, mun kwana biyu ba ma shiri a kan haka.

Inna, in ke ce kike ji, ki ci gaba da gashin nan kullum da safe, don Allah kada ki gaji.

Huseina.


Wudil,
Maris, 1976.

Zuwa ga Yayata mai baki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida, ki ba shi haƙuri, ki kuma janye takardar neman hutun nan. Inna lafiya, zafi ya fara shigowa, kogi ya ja baya har yara na tsallakawa da ƙafa.

Ina Wudil, ban je ko'ina ba. Wasiƙarki ta Janairu ni na karanta wa Inna da bakina, har wurin da kika ce na gudu, tana ta dariya. Shirun da na yi, rantsuwa na yi ba zan rubuto miki ba sai ina da abin faɗa. Ga shi.

Na bi maganarki, da farko don in nuna miki ba za ta yi ba. Kullum bayan asuba ina bayan labule ina cewa, "Inna, yanzu gwiwar hannu," shi kuma yana cewa, "Ki ce wa yaron nan ya rage murya." In an gama ba na komawa gado. Na rasa abin yi a tsakar gida, sai na jawo kekensa daga zaure, wanda yake zuwa ƙauyuka duba shanu da shi. Kullum in wanke, in goge, in sa wa sarƙa mai, in juya feda tana ƙara. Keken da ba mai hawa, ya fi na ango ƙyalli.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, ina cikin juya fedar, sai na ji ya ce, "Ki ce wa yaron nan ya shigo da keken nan in gani, kada ya kashe min sarƙa." Na tura shi har gaban gado. Don kada mu haɗa ido sai na juya masa baya, na riƙe kan keken, na damƙe birki. Ina jin sa yana taɓa sarƙar, yana tsaki. Can sai na ji keken ya yi nauyi ta baya. Ya kama kariya, mazaunin bayan keken, da hannun dama yana ja. Inna ta sa kafaɗa ta tallafa. Yaya, ban waiwaya ba, amma na ji numfashinsa ya tashi daga ƙasa ya dawo daidai ƙeyata. Ya miƙe tsaye.

Bilya ya zo Sallah da rediyo mai kaset da takalmi mai tudu, sai ka ce a kan turmi yake tafiya. Ya zo ɗaukata ran da zai koma. Na ce ya gaida teku. Ya ce na haukace, wai ana rabon arziki a ƙasa ni ina gadin keke. Ba zan yi miki ƙarya ba, da motarsu ta haye gada, ranar ko tuwo ban ci ba. Amma da asuba na tashi.

Tun daga nan haka muke. Ni a gaba ina tura keke, shi a baya riƙe da kariya yana jan ƙafa. Malam Labaran ya kawo shawarar a riƙe sanda, ni gaba shi baya, Baba ya ce shi ba makaho ba ne da za a yi masa jagora. Keke kuwa, wanda ya gan mu sai ya ce mutum biyu ne suka fito da abin hawansu. Mun fara da ƙofar ɗaki, sai zaure, sai bakin rijiya, sai masallaci. 'Yan tasha sun sa min suna Direba. In na wuce sai su ce, "Direba, yau ma ba a samu fetur ba?" In ce musu ana layi.

Abin mamaki, ranar tawa ma ta samu ƙashi. In mun dawo in karya, in je lambun Malam Labaran a bakin kogi in taya shi ban ruwa har hantsi ya ɗaga. Bayan azahar in ɗauko littattafaina, don ina so in sake zama jarrabawar lissafin da na faɗi. La'asar in kai Baba zaure ya sha iska. Isha na yi nake barci kamar an buge ni. Rabona da benci a tasha har na manta.

Sai dai ga damuwata. Kin san durumin nan da ke bayan masallaci, inda hanya ta karkata ake hango Kara? Mun kai can tun watan jiya, kuma nan muka tsaya. Kullum muna isa sai ya saki kariya ya zauna a kan saiwa, ya ce da iska, "A juya." Ƙafar ce ta kai iyakarta, ko me? Ina tsoron damina ta same mu a gindin bishiyar nan.

Na biyu, an kira ni ganawa a birni, ana ɗaukar malaman firamare saboda sabon shirin ilimi kyauta. Ran wata Alhamis ce a watan gobe. An ce mutane kan yi yawa, wani sai ya kwana. Tun da muka fara ban tsallake safiya ko ɗaya ba, ina ganin in na tsallake abin zai warware. Ina tunanin in bar ta ta wuce.

Naki,
Direba.


Jos,
Afrilu, 1976.

Zuwa ga Direba,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, maigida ya ce ya yafe, amma kai za ka biya shi da kifin Wudil.

Ja'iri! Ka bar ni wata uku ina zaginka a zuci. Na yi kuka a kan wasiƙar nan har wata abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi. Dabarar keken nan ba a koya mana ita a makaranta ba, kuma na riga na gwada ta da keken tura magani a kan wani tsoho mai taurin kai irin na Kawu.

Maganar durumi, daga nan ba zan iya rantsewa ba. Yana yiwuwa ƙafar ce, akwai waɗanda suke kaiwa wani wuri su tsaya, sai a gode wa Allah a kan abin da aka samu. Amma wanda ya iya zuwa durumi ya koma gida, ƙarfin wucewa bai gagare shi ba. Ni ina zargin ba ya so abokan cinikinsa su gan shi yana jan ƙafa a bayan keke. Kada ka matsa masa, kada kuma ka rage. Ku je durumin kullum, ku juyo.

Ganawa kuwa, ka je. Umarni ne. Ban ce ka tsara ranarka don ka ɗaure kanka a turke ba. Abin da aka yi wata da watanni ana ginawa, safiya ɗaya ba ta rushe shi, in dai an koma washegari. Ka wanke farar rigarka, ka aske wannan sumar, ka faɗa wa Inna ta gaya masa tun da wuri.

Yayarka,
Huseina.


Wudil,
Mayu, 1976.

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ku duka. Mu nan lafiya, hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma bai zubar ba tukuna.

Na je. Yadda aka faɗa haka ne, mutane kamar ranar idi. Har aka tashi ba a kira sunana ba, aka ce mu dawo da safe. Na kwana a Fagge wurin wani ɗan ajinmu. Da aka kira asuba na farka a ɗakin mutane, na yi sallah, na rasa inda zan sa kaina. Hannuna har ƙaiƙayin kan keke yake yi. An gana da ni da hantsi. Na roƙe su in an ɗauke ni a bar ni nan gari ko Utai, inda zan iya zuwa in dawo. Sun ce za a duba, har yau dai ba labari.

Na sauka a tasha rana ta take, ga shi Juma'a, gari cike da shanu da motoci. Na shiga gida da sauri. Keke na jingine a zaure. Na ɗaga labule, gado ba kowa.

Inna na zaune a bakin murhu, idonta ja. Ta ce da aka sallame asuba ya tashi zaune da kansa, ta yi masa gashi, ya zauna yana kallon ƙofa. Ta tuna masa ba na nan. Ya ce ya sani. Gari ya waye sosai yana nan zaune, sai ya ce ta miƙo masa babbar rigarsa ta kasuwa da hula da sanda. Ta ce ina zuwa? Ya ce, "Lokaci ya yi." Ta roƙe shi, ta yi kuka, ya bi bango ya fita.

Ban tsaya ɗaukar keke ba, da gudu na fita. Ba ya rijiya. Ba ya masallaci. Na iso durumi ina da tabbacin a nan zan same shi, ko a zaune ko a kwance. Ba kowa sai awaki.

A Kara na same shi, a rumfar Malam Labaran, bisa buzu, ya miƙe ƙafar hagu. Rigar ta jiƙe da gumi, gwiwarta duk ƙasa, alamar ya faɗi a hanya. Dillalai sun kewaye shi. Wani Bafulatani ya riƙe masa kan wata karsana, shi kuma yana leƙa bakinta yana cewa wanda ya ce shekararta biyu bai san haƙori ba. Muryar ba ta kai ta da ba, amma ita ce. Malam Labaran ya ce tun safe yake tafe, ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi, duk wanda ya zo taimako ya kore shi.

Ya hango ni, ya kawar da kai. Ya ce da Malam Labaran, "Ka tambayi yaron nan, haka ake yi? Mutum ya yi ta jira."

Na durƙusa na ce a yi haƙuri. Kuka ya zo min, ga mutane.

Da aka fara shirin masallaci ya yunƙura da sanda ya miƙe, amma kowa ya ga ƙarfin ya ƙare. Wani ya kawo babur, Baba ya ce ba zai hau ba. Malam Labaran ya miƙa hannu, Baba ya ce ai shi ma tsoho ne, su faɗi tare? Ni dai na je gabansa na tsaya na juya baya yadda na saba, hannuna ba komai, ban ma san me nake jira ba. Muka ɗan jima a haka. Sai na ji tafin hannunsa a kafaɗata.

Yana da nauyi, Yaya, kuma yana da zafi. Haka muka ratsa Kara, muka wuce durumi, har gida.

Ya kwana biyu ƙafar na ciwo, Inna na gasawa. Duk da haka ba mu fasa fita ba, ko da zuwa rijiya ne. Ki aiko min da bayanin abin da ake yi wa yatsun hannu, don har yanzu ba sa buɗewa sosai, kuma na sa su a gaba.

Zan tsaya nan, an kira la'asar, yana jira a kai shi zaure.

Ƙanenki,
Sharhabilu.